Yarinyar da Wuyanta Ya Karkace Bayan Shan Maganin Amai: Nazarin Wani Lamari a Gombe

Da hantsin wata Talata cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Gombe yake kan ganiyarsa, aka shigo da wata yarinya 'yar shekara tara ɗakin taimakon gaggawa na asibitin da nake aikin jinya. Mahaifinta ne ya saɓo ta a kafaɗa, mahaifiyarta da kakarta suna biye da shi suna salati. Wuyanta ya murɗe zuwa dama har haɓarta ta kusa taɓa kafaɗa, ƙwayar idanunta ta tafi sama ta tsaya sai fari kawai ake gani, harshenta ya leƙo waje, yawu yana dalala a kan hijabinta. Ba zan ambaci sunanta ko na iyayenta ko unguwarsu ba, domin abin da ya same su yana iya samun kowane gida a garin nan.

Kalmar farko da ta fito daga bakin mahaifin ita ce sanƙarau, kuma ba mai ganin laifinsa. Muna cikin yankin da wannan cuta take ɓulla da rani, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko, kuma ko a farkon shekarar 2024 Gombe da Bauchi suna cikin jihohin da ta yi wa ɓarna, a shekarar da Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar rigakafin da ke kariya daga iri biyar na ƙwayar cutar. Duk uban da ya ga wuyan ɗansa ya ƙage a irin wannan lokaci, can zuciyarsa za ta fara tafiya. Kakar kuwa nata ra'ayin daban ne. Ta ce mini, "Ɗan nan, wannan ba ciwon asibiti ba ne, iska ce. Tun asuba nake yi mata tofi, ubanta ne ya matsa sai an kawo ta." Daga maganarta na fahimci cewa yarinyar ta shafe kimanin awa biyar a wannan hali kafin a iso da ita, kuma a cikin wannan lokaci an yi mata hayaƙi, an shafa mata man habbatus sauda, an kuma yi ƙoƙarin ɗura mata rubutu.

Abin da gwaji ya nuna

Zafin jikinta bai wuce na mai lafiya ba. Zuciyarta tana bugawa da sauri, leɓɓanta sun bushe, kuma da na tsunkuli fatar cikinta na saki sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta koma, alamar ruwan jikinta ya ragu amma bai kai ga mummunan hali ba. Nauyinta kilo 24 ne. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, sukarin jininta ma daidai yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne a lokacin da nake neman jijiyar da zan sa mata ruwa. Na sa yatsuna biyu cikin tafin hannunta na ce, "Ƙanwata, in kina ji na ki matse hannuna." Ta matse da ƙarfi. Na ce ta saki, ta saki. Hawaye yana gangarowa daga gefen idonta zuwa kunne, domin tana jin duk abin da ake faɗa a kanta, tana jin zafin murɗewar wuyan, amma harshe ya hana ta magana. Bayan 'yan mintoci sai abin ya ɗan lafa, idanun suka sauko, ta dubi mahaifiyarta ta ce da nauyin baki, "Umma, wuyana," kafin ya sake dawowa kamar da.

Wannan kaɗai ya rage zato da yawa. Yaron da sanƙarau ya kama har wuyansa ya ƙage galibi yana da zazzaɓi da matsanancin ciwon kai, hankalinsa yana gushewa ko ya riƙa magagi, kuma wuyan yana sandarewa ne ya ƙi sunkuyawa, ba murɗewa gefe yake yi ya saki ya sake kamawa ba. Mai jijjiga ta farfaɗiya ko ta zazzaɓin da ya taɓa ƙwaƙwalwa galibi ba ya bin umarni a lokacin da abin yake kansa. Ciwon sarƙe-haƙora shi ma ba ya gusar da hankali, saboda haka muka duba jikinta ko akwai rauni ko miki ba mu samu ba, cikinta da bayanta ba su sandare ba, kuma an yi mata rigakafin yara. Duk da haka likitan da ke bakin aiki ya sa a shirya kayan ɗibar ruwan ƙashin baya don gwajin sanƙarau, kuma daidai ya yi, domin sanƙarau ba cutar da ake yi wa ganganci ba ce idan ba a sami wani bayani mai gamsarwa ba.

Tambayar da ta warware lamarin

Tun da farko likita ya tambayi mahaifiyar ko an ba yarinyar wani magani, ta ce ba a ba ta komai ba. Na sha jin wannan amsa, kuma ban ɗauke ta a matsayin ƙarya ba. Wasu iyaye suna tsoron faɗa ne, saboda an sha yi musu tsawa a gaban jama'a a ɗakunan asibiti, wasu kuma a tunaninsu ana tambaya ne game da maganin wannan ciwo da ake gani yanzu, ba na wanda ya wuce jiya ba. Saboda haka na ja ta gefe na sauya salon tambayar. Na ce, "Malama, na ga alamar ta yi amai da gudawa. Da ta fara aman, me ya tsayar da shi?" Nan take ta ce ai allura ce, da kuma ƙwayar Alhaji, wato maigidanta.

Ga yadda abin ya gudana. Ranar Lahadi da yamma yarinyar ta bi mahaifiyarta gidan biki, ta ci abinci ta sha zoɓo mai ƙanƙara. Da asubahin Litinin ta tashi da amai har sau biyar da gudawa sau uku. Mahaifin ya riga ya fita kasuwar Tudun Hatsi inda yake sana'arsa, sai uwar ta kai ta kemis ɗin unguwa da hantsi, mai kemis ya yi mata allurar tsayar da amai. Aman ya lafa. Da azahar ta sha kunu ta sake amayarwa, sai uwar ta tuna da wata ƙwaya da maigidan yake sha saboda kumburin ciki da tashin zuciya, ta ɓallo ɗaya ta ba ta. Ba a jima ba ta yi amai, uwar ta ɗauka ƙwayar ta fita, ta ƙara mata wata. Bayan sallar isha ta ba ta ta uku domin ta samu barci lafiya. Da asubahin Talata wuya ya murɗe.

Muka aiki yayan yarinyar a kan babur ya ɗauko ledar magungunan gida, ya kuma biya kemis ya karɓo sunan allurar a rubuce. Sunan da ke jikin kwalin ƙwayar daban yake da wanda mai kemis ya rubuto, amma a ƙarƙashin babban sunan, da ƙananan baƙaƙe, magani ɗaya ne: metokulofuramayid, wanda ake rubutawa Metoclopramide a jikin kwali, kuma ake sayarwa da sunaye irin su Maxolon da Plasil da wasu da dama. Uwar ba ta san cewa allurar safe da ƙwayar rana abu ɗaya ba ne, kuma ba ta da hanyar sani.

Lissafin ya isa ya tayar da hankali. Ƙwaya ɗaya miligiram 10 ce, kwalbar allura ɗaya ma miligiram 10 ce, kuma wannan shi ne ma'aunin babban mutum. A inda ya halatta a ba yaro, ana auna masa ne da nauyinsa, daga miligiram 0.1 zuwa 0.15 a kan kowane kilo, kuma jimillar yini guda kada ta wuce miligiram 0.5 a kan kowane kilo. Yarinya mai kilo 24 ba za ta wuce miligiram 3.6 a sha ɗaya ba, ba kuma za ta wuce 12 a yini ba. Ita kuwa an ba ta 40 tsakanin hantsi da isha. Ko da a ce ƙwayar da ta amayar ta fita gaba ɗaya, abin da ya rage a jikinta ya ninka iyakar da aka gindaya fiye da sau biyu. Ƙa'idar maganin ta tanadi tazarar akalla awa shida tsakanin sha da sha, ko da mutum ya amayar da wanda ya sha, domin ba wanda ya san adadin da ya riga ya shiga jini.

Yadda maganin yake aiki, da yadda ya juya

Ba mugun magani ba ne, kuma ina so a fahimci wannan. Tun shekarun 1960 ake amfani da shi, kuma yana da amfani ga wanda aka yi wa tiyata, da mai karɓar maganin ciwon daji, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da tashin zuciya. Aikinsa iri biyu ne. A cikin ciki yana sa tumbi ya riƙa tura abinci zuwa hanji da sauri, shi ya sa mai jin abinci ya tsaya masa a ƙirji yake samun sauƙi. A ƙwaƙwalwa kuma yana toshe aikin wani sinadari mai suna dofamin a wurin da saƙon amai yake tasowa. Matsalar ita ce wannan sinadari shi ne kuma yake daidaita motsin tsokoki a wani sashe na ƙwaƙwalwar, kuma maganin ba ya bambance sashe da sashe. Idan ya yi yawa, ko kuma jikin mutum bai jure shi ba, sai tsokokin wuya da ido da harshe da muƙamuƙi su ɗaure da kansu. Galibi hakan yana faruwa ne a kwana ɗaya ko biyun farko, ya fi samun yara da matasa, musamman 'yan mata, kuma yana iya faruwa ko da sha ɗaya aka yi bisa ƙa'ida.

Saboda irin wannan ne hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da shi a shekarar 2013. Ta hana ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ta ce daga shekara ɗaya zuwa goma sha takwas ba a ba da shi sai don aman bayan tiyata ko na maganin ciwon daji, shi ma sai idan wani maganin ya gaza, ta kuma ƙayyade kwana biyar a matsayin iyakar shansa ga kowa. Aman da ke zuwa da gudawa, irin na wannan yarinya, ba ya cikin dalilan da aka yarda a ba yaro wannan magani.

Da likita ya ga kwalin sai ya dakatar da ɗibar ruwan ƙashin baya. Maganin da aka fi so a irin wannan hali shi ne allurar da ke warware ɗaurewar tsokar kai tsaye, amma ba kullum ake samun ta a hannu ba, saboda haka ya ba ta dayazefam, allurar da ke sassauta tsoka, ta jijiya a hankali, muna lura da numfashinta. Kafin rabin awa wuyan ya saki, harshen ya koma, ta nemi ruwa. Kakar ta tashi daga kan bencin da take ta dafa goshin jikarta, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta juyo ta ce, "Ashe magani ne ya yi mata haka." Na ce mata, "Hajiya, addu'arki ba ta faɗi ƙasa ba. Abu ɗaya nake roƙo, duk wanda bakinsa ya ƙage ko harshensa ya fito, kada a ɗura masa komai, ko rubutu ko ruwa, domin yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu." Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa da yarinyar a cikin waɗancan awanni biyar, tare da wani da ba kasafai yake faruwa ba amma yana kisa, wato ɗaurewar ta sauka maƙogwaro ta toshe iska.

Mun kwantar da ita kwana ɗaya, saboda abin yana iya dawowa kafin maganin ya gama fita daga jiki, aka kuma ɗora ta a kan ƙwayar benzeksol, mai hana ɗaurewar tsoka, ta ɗan lokaci. Ciwon asali kuwa, wato amai da gudawa, da ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zink aka magance shi.

Ƙwayar Alhaji

Lamarin bai ƙare a kan yarinyar ba, domin tambayar da ta biyo baya ita ce me ya sa ake da wannan ƙwaya da yawa haka a gida. Mahaifin, mutum mai kimanin shekara hamsin, ya ce wata biyar ke nan yana shan ta sau uku a rana. Wani abokin sana'arsa ne ya nuna masa ita a lokacin da yake fama da kumburin ciki da gyatsa da jin ƙuna a ƙirji bayan cin abinci, ya ji daɗinta, ya mayar da ita kamar goro a aljihu. Ba likitan da ya taɓa duba shi a kan wannan ciwo.

Illar da ke jiran babban mutum mai dogon sha daban take da ta yarinyar, kuma ta fi ta muni. Bakinsa yakan fara motsi da kansa, ya riƙa tauna ba tare da abinci ba, yana lasar leɓe, harshe yana fita yana komawa, wani lokaci har hannu da ƙafa, kuma sau da yawa wannan ba ya warkewa ko an daina maganin. Ya fi samun tsofaffi, musamman mata. Tun a shekarar 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗi mafi tsanani a kan takardar maganin, cewa a guji shan sa fiye da mako goma sha biyu. Alhaji ya wuce mako ashirin. Likita ya sa ya buɗe baki ya fito da harshe, ya miƙa hannuwa, ya yi tafiya a gabansa, kuma cikin ikon Allah ba a ga alamar komai ba.

A cikin ledar nan kuma muka tarar da ƙwayar diklofenak, wadda yake sha kusan kullum saboda ciwon baya. Irin waɗannan magungunan ciwon jiki suna cin bangon tumbi, kuma suna cikin manyan abubuwan da ke haddasa gyambon ciki, tare da wata ƙwayar cuta da ke zama a tumbi wadda ta yawaita a ƙasashenmu kuma ake iya gano ta da gwaji a kashe ta da magani. A taƙaice yana shan abin da ke ɓata masa ciki da safe, yana bin sa da abin da ke rufe alamar ɓarnar. Likita ya tambaye shi ko yana rama, ko bayan gidansa ya taɓa yin baƙi kamar kwalta, ko ya taɓa aman jini, ko abinci yana maƙale masa wajen haɗiya, domin kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana nufin a leƙa cikinsa da na'ura ba tare da jinkiri ba. Ya ce babu ko ɗaya. Aka dakatar da magungunan biyu, aka rubuta masa gwaji.

Mai kemis

Bayan kwana biyu na bi ta kemis ɗin da kaina, ba don faɗa ba. Na tarar da mutum mai mutunci wanda ya san kowa a unguwar, yana ba da magani bashi ga wanda ba shi da shi, kuma hankalinsa ya tashi ƙwarai da ya ji abin da ya faru. Ya ce mini, "Wallahi Malam, in uwa ta kawo yaro yana amai ka ba ta ruwan gishiri da sukari kawai, gani take ba ka yi komai ba, sai ta wuce shago na gaba." Na yarda da shi cewa haka ake yi. Amma lasisin da majalisar kula da harhaɗa magunguna ta ƙasa take ba masu irin wannan shago na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne, bai ba su izinin yin allura ba, kuma shi bai auna nauyin yarinyar ba, bai rage ma'auni ba, bai gaya wa uwar sunan abin da ya yi mata ba balle ya gargaɗe ta kada ta ƙara wani a kai. Da ya rubuta mata sunan a 'yar takarda, wataƙila wani a gidan ya lura cewa shi ne a jikin kwalin Alhaji. A ganina laifin bai tsaya a kansa shi kaɗai ba, domin dogon layi da kuɗin kati da tsawar wasu ma'aikatanmu su ne suke kora iyaye zuwa shagonsa tun farko, kuma mu da ke cikin asibiti mun san haka.

Ya tambaye ni ko akwai wanda ya fi wannan aminci da zai riƙa bayarwa. Na ce masa kowanne da nasa haɗarin. Domferidon bai cika shiga ƙwaƙwalwa ba, amma yana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa Turai ta taƙaita shi a 2014, Birtaniya kuma ta daina amincewa da shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 12 a 2019. Furometazin yana sa barci mai nauyi har yaro ya kasa shan ruwan da yake buƙata, kuma ba a ba wanda bai kai shekara biyu ba saboda yana iya danne numfashi. Ondansetiron ne likitocin yara suka fi yarda da shi, sha ɗaya tak, idan amai ya hana yaro riƙe ruwa, shi ma bayan an duba yaron.

Abin da yarinyar take buƙata ranar Litinin bai kai kuɗin allurar ba. Aman da ke zuwa da gudawa galibi yana tsayawa da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma abin da ke halaka yaro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ana zuba ƙunshi ɗaya na ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, a lita guda ta ruwa mai tsabta, in babu shi kuma a sa wa litar ruwan ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a shafe, a riƙa ba yaro cokali-cokali duk bayan minti ɗaya ko biyu. In ya amayar a dakata minti goma a ci gaba a hankali. Ana haɗawa da zink miligiram 20 kullum na kwana goma zuwa sha huɗu, rabin haka ga jaririn da bai kai wata shida ba. Amma idan aman kore ne ko da jini, ko ciki ya kumbura ya yi tauri, ko akwai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, ko yaro ya galabaita ba ya iya sha, ko ya daina fitsari, wannan na asibiti ne kai tsaye, kuma maganin da ke tura hanji yana iya ƙara ɓarna idan hanjin a toshe yake.

Mun cike takardar rahoton illar magani mai launin rawaya ta hukumar NAFDAC, muka kuma rubuta sunan maganin da manyan baƙaƙe a kan katin yarinyar, tare da bayanin cewa kada a sake ba ta shi ko a wane asibiti. Bayan mako ɗaya uwar ta dawo da ita a duba ta. Wuyanta yana juyawa ko'ina, ta koma makarantar boko da Islamiyya, sai dai uwar ta ce har yanzu takan farka cikin dare ta shafa wuyanta ta tambaya ko zai sake murɗewa. Gwajin Alhaji ya nuna yana da ƙwayar cutar tumbin, an ɗora shi a kan maganinta na mako biyu, kuma likita ya ba shi ranar dawowa bayan wata uku domin a sake duba bakinsa da harshensa, tun da wannan motsi yana iya bayyana ko bayan an daina shan maganin.